Tafin da na yi wa soja

Safiyar 31 ga Disamba 1983 ina cikin samarin da suka fito titi suna tsalle. Muryar Birgediya Sani Abacha muka ji a rediyo yana cewa an kifar da gwamnatin Shehu Shagari, asibitoci ba magani, ma'aikata ba albashi. Duk gaskiya ne, shi ya sa muka haukace da murna. Wani dattijo a unguwarmu, wanda ya ga yaƙin basasa da idonsa, ya ce mini: "Yaro, ka tambaye su ranar tafiya?" Na yi masa dariya, har na ce a raina tsufa ne.

Ƙannena, wannan dariyar nake so in raba ku da ita, musamman yanzu da nake ganin yadda kuke yaɗa hotunan masu kaki a Facebook tun juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023.

Kuskurena bai wuce ɗaya ba: na ɗauka duk wanda ya kori wanda na tsana to nawa ne. Ban taɓa tambayar kaina ba, idan shi ma ya ɓata, da me zan cire shi? Farar hula komai lalacewarsa yana da wa'adi, yana da ranar da zai dawo yana roƙon ƙuri'arka. Soja kuwa abu na farko da yake yi shi ne jingine tsarin mulki. A 1984 aka kafa Doka ta 2, wadda ta halatta tsare mutum ba shari'a, da Doka ta 4 da ta kai 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, gidan yari. Lokacin ban damu ba. Ai ba ɗan'uwana aka kama ba.

Abin kunyar ma, da Janar Babangida ya karɓe mulki ranar 27 ga Agusta 1985, na sake tafawa, saboda ya soke Doka ta 4 kuma yana da fara'a. Sai ga SAP, shirinsa na tsuke bakin aljihu, a 1986, darajar naira ta zube, albashina ya koma ba ya kai ni tsakiyar wata. Aka yi ta ɗaga ranar miƙa mulki, daga 1990 zuwa 1992, daga nan 1993, ƙarshe aka soke zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Yuni. Sai a Fabrairun 2025, bayan fiye da shekara talatin, shi da kansa ya amsa a littafinsa cewa Abiola ne ya ci, ya kuma nuna nadama. Nadamar ta yi kyau a takarda, amma waɗanda suka mutu a rikicin da ya biyo bayan soke zaɓen ba su karanta ba.

Ba wai kowane soja maƙaryaci ba ne. Obasanjo ya miƙa mulki a 1979, Abdulsalami ya miƙa a 1999. Sai dai sun ga dama ne, ba mu muka sa su ba, kuma nan ne gizo ke saƙar.

In kun ji kiɗan soja a rediyo, ku riƙe hannuwanku tukuna, ku saurari abin da za a ce game da kotu, da jarida, da ranar tafiya. Dattijon nan ya rasu zamanin Abacha, ban samu na je na ba shi haƙuri ba.