Godiya bayan jinya da kammala karatu a Hartford

Alhamdulillahi. An cire zaren ɗinki, malaman makarantarmu da ke Hartford a Amurka kuma sun sa hannu a kundin digirina. Wallahi a gajiye nake, wanda duk ya aiko saƙo bai ga amsa ba ya yi mini uzuri. Kun bi labarin tun daga ranar da na faɗi, ba sai na maimaita ba.

Abu guda ne ba zan iya yin shiru a kansa ba, daren da za a shiga da ni tiyata. A gida dare ya tsala, ban so in tayar da Hajiya ba. Tsoro ya kama ni, ba na mutuwar kanta ba, na wa zai yi mini wanka da salla a ƙasar mutane. Ga robar ƙarin ruwa a hannu, ban yi isha'i ba, alwala ta gagara. Sai ga dattijon nan, fasto mai ritaya da ke zama a bayan ajinmu. Ya dube ni ya gane abin da ke damuna. Ya fita cikin ƙanƙara, can sai ga shi da dutse a aljihun kwat, ya goge shi ya ɗora mini a cinya, don ya taɓa ji a aji cewa mu Malikawa muna taimama da dutse. Ya roƙi ma'aikaciyar jinya ta juya gadon arewa maso gabas, nan ne alƙiblar can. Sannan ya koma bakin ƙofa ya tsaya, ya sunkuyar da kai yana tasa addu'ar, har na sallame.

Mahaifin wannan bawan Allah a makarantar nan tamu, wadda a da ake kira Hartford Seminary, aka horar da shi ya je ya yi wa Musulmi bishara. Shi ya gaya mini da bakinsa, ni kuma tarihin makarantar na rubuta kundina a kai, don haka na san ba bakin ganga ba ne. Limaman Kirista na jihar Connecticut suka kafa ta a 1834 a East Windsor Hill, saboda suna ganin jami'ar Yale ta saki layin magabata. A 1865 ta koma Hartford. Larabci da ilimin Musulunci sun kafu a cikinta ta hannun Duncan Black Macdonald, ɗan Sikotilan da ya zo a 1892, mutumin da ya tara bugu-bugun Dare Dubu da Ɗaya har ya zama abin alfaharin ɗakin karatun. Masani ne na gaske, amma ɗalibansa da yawa 'yan mishan ne, kuma sashen Kennedy School of Missions don su aka yi shi. Mujallar The Muslim World ma, da ɗan mishan Samuel Zwemer ya fara a 1911, da wannan niyya ta fito kafin ta koma hannun makarantar.

Waɗanda suka ce mini makarantar 'yan mishan zan tafi ba su yi ƙarya kan asalinta ba, sai dai sun rufe littafin tun yana tsakiya. A 1973 aka buɗe cibiyar Macdonald don nazarin Musulunci da zaman Kirista da Musulmi. A farkon shekarun 1990 aka ɗauki Ibrahim Abu-Rabi, Bafalasɗine, malami Musulmi na farko. Daga baya Ingrid Mattson, malama Musulma, ta kafa shirin horar da malaman da ke kula da Musulmi a asibitoci da gidajen yari da barikin soja. Malamin da ya zo ya yi mini addu'a bayan na farfaɗo, a wannan shirin ya yi karatu. Tun 2021 ma an cire Seminary daga sunan, yanzu Hartford International University for Religion and Peace ake kiranta, Musulmi da Kirista da Bayahude a aji ɗaya.

Na san ba a fallasa mai alheri, amma yau sai na faɗa. Kawuna na Tudun Wada, kai ka sayar da filinka ka aiko, ka ce kada in gaya wa kowa. Ka yafe mini, na gaya. Goggo, saukar Alƙur'anin da kika sa aka yi ta iso. 'Yan'uwanmu Hausawan Gana da ke unguwar Bronx ta New York, ban san ku ba, ba ku san ni ba, kuka tuƙo mota har Hartford da koko da tuwo a kula. Uwargida, ke kam sai Allah. Allah Ya biya ku, Ya raya muku zuri'a, Ya jiƙan iyayenku, Ya sa kada ku kwanta ciwo inda ba ku da kowa. Dattijona kuma, Allah Ya saka masa da mafificin alheri, Ya ƙara masa lafiya.

Akwai na jini da har yau wayarsu ba ta shigo ba, su ne kuma suka fi kowa magana lokacin da zan taho. Wataƙila kati ne ya yi tsada. Allah Ya bar zumunci.

Likita ya hana ni doguwar tafiya tukuna, sai bayan Babbar Salla zan iso in Allah Ya yarda. Kafin nan a riƙa turo saƙo a rubuce, murya ba ta gama dawowa ba.