Ƙafa ɗaya, bugu biyu

Laraba, bayan sallar isha'i.

Tun da muka shiga zangon nan babu lakcar da ta tsaya mini a rai irin ta yau, ta ilimin halayyar 'yan wasa. Malam ya shigo ƙarfe takwas, bai ce uffan ba, majigi kawai ya kunna. Sai ga wasan Ghana da Yurugwai na gasar kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, ana kunnen doki ɗaya da ɗaya, ƙarin lokaci ya zo ƙarshe. Suarez na Yurugwai ya sa hannu ya tare ƙwallo a bakin raga, aka ɗaga masa jan kati, Asamoah Gyan na Ghana ya ajiye ƙwallo zai buga fenareti. Kowa a ajin ya san yadda ta kaya, amma da ta daki ƙarfen sama ta tashi, sai da muka ɗauki salati.

Malam ya tuna mana cewa mutumin nan ya riga ya ci fenareti biyu a gasar, ɗaya a ragar Sabiya, ɗaya a ta Ostireliya. To me ya faru? Wani daga baya ya ce, "Malam, ƙaddara ce." Malam ya ce ba ya jayayya da ƙaddara, amma takan biyo ta wata hanya, kuma sanin hanyar shi ya tara mu a ajin.

Ga yadda na fahimci bayanin. Abin da ƙafa ta maimaita sau dubbai, ba ta neman shawarar mai ita kafin ta yi shi. Idan gaba ya faɗi, numfashi ya gajarce, tsoka ta ɗaure, sai ɗan wasa ya koma yana sa wa ƙafarsa ido, yana lissafin abin da a da yake zuwa da kansa. Nan take na tuna musabaƙa: mahaddacin da ke zuba tilawa kamar ruwa a gaban malaminsa, ranar da ya hau mumbari ya fara tunanin ayar da ke gaba, ranar take kufce masa. Malam ya ce tun 1898 Norman Triplett na Jami'ar Indiyana a Amurka ya lura masu tseren keke sun fi gudu in suna da abokin karawa. Da ya gwada yara 40 da naɗe zaren kamun kifi, wasu sun ƙara sauri da aka haɗa su gasa, wasu kuwa rikicewa suka yi.

Amma abin da ya fi kama ni shi ne ƙarshen bidiyon. 'Yan mintoci bayan waccan ɓarar, da aka zo bugun raba gardama, Gyan ne ya fara fitowa wa Ghana, kuma ya jefa ta a raga. Ƙafar nan dai ce, mai tsaron gidan ma shi ne. Ghana ta fita da ci 4 da 2, shi ya sa mutane ba sa tuna wannan bugun. Ni kam a wurina shi ne jarumtar daren.

Da la'asar na je filin makarantar firamare inda nake horar da yaran unguwa. Akwai wani ɗan shekara goma sha uku da ya ɓarar da fenareti makon jiya, tun daga ranar 'yan uwansa ke ce masa ba shi da zuciya. Kalmar nan tana yi mini ciwo, domin ta sa yara da yawa sun ajiye takalmi. Yau ma can gefe ya rakuɓe. Na kira shi, ya ce, "Koci, ni dai a bar ni a baya."

Na tuna binciken Geir Jordet, ɗan ƙasar Norwe, wanda ya gano cewa masu gaggawar bugawa da zarar an busa usur sun fi ɓararwa, don so suke su rabu da tashin hankalin. Sai na tsara masa abu ɗaya: ya ajiye ƙwallo da hannunsa, ya ja baya taku huɗu, ya zaɓi kusurwa, in na busa ya ja numfashi ya sauke tukuna. Na sa sauran su zagaye shi suna ihu da tafi.

Ta farko ta fita waje. Ya juyo zai tafi, na ce, "Ƙanena, dawo, ba ka yi numfashin ba." Cikin goma ya ci shida, huɗu daga ciki a jere. Da aka kira magariba shi ya tattara mini ƙwallaye, yana tambaya ko ranar Asabar zan sa shi cikin masu bugawa. Na ce shi ne na biyu.

Yanzu saura in rubuta abin da na gani, Malam yana son rahoton shafi biyu ranar Litinin.