Ranar da Ƙudirina Ya Kusa Mutuwa a Kwamiti

Ina ɗan shekara 17, shekara uku da komawar gidanmu Amurka, malamin tarihinmu ya ba da sunana a shirin Boys State na hutun bazarar 2016. Ƙungiyar tsoffin sojoji ta American Legion ce ta fara shi a jihar Illinois a 1935. Ana tara samarin da saura shekara ɗaya su gama sakandare, a sauke su a harabar wata jami'a na mako guda, a ce musu ga jiha, ku kafa mata gwamnati. 'Yan mata ma suna da nasu, Girls State. Jam'iyyu biyu ne, Federalist da Nationalist, kuma ba aƙida ke kai mutum ɗayarsu ba, inda sunanka ya faɗa nan kake. Kowane benen ɗakunan kwana gari ne mai magajinsa. A ƙarshe kowace jiha kan tura mutum biyu Washington. Ta nan ne Bill Clinton ya yi musabaha da Shugaba Kennedy a 1963, labarin da sai da aka ba mu tun daren farko.

Ni kujerar majalisar wakilai na ci, kuma ranar Laraba ce ta fi zama a raina. Watan azumi ne. Na yi sahur ni kaɗai da ayaba da burodin da na ajiye tun dare, na yi asuba, gari na wayewa aka fito da mu sahu-sahu wurin ɗaga tuta.

Ƙudirina layi huɗu ne: kada a fara darasi a sakandare kafin ƙarfe 8:30 na safe. Ina da hujja, domin ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da wannan shawara tun 2014, bisa cewa matasa ba sa samun isasshen barci. Kwana biyu ina haddar jawabin da zan yi a zauren majalisa. Ashe ƙudiri ba ya ganin zaure sai ya tsallake kwamiti, mutum tara a wani ƙaramin aji.

Ina gama bayani wani dogon yaro ɗan ƙauye ya ɗaga hannu. Tafin hannunsa duk kanta. Ya ce motar makaranta ɗaya ce ke kwasar manya da ƙanana a yankinsu, kuma idan aka makara shiga za a makara tashi, shi kuwa shanun mahaifinsa na jiransa da yamma. Na sake karanto masa maganar likitoci. Ya ce ya ji, amma likitocin ba su za su ba shanun abinci ba. Aka jingine ƙudirin zuwa bayan cin rana, wanda kusan kisa ne cikin ladabi.

Raina ya ɓaci sosai. Wani dattijo cikin tsoffin sojojin da ke kula da mu ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce, "Yaro, mutum nawa ke tare da kai a cikin taran nan?" Na yi shiru. Na san abin da likitoci suka ce, ban san abin da mutum takwas da ke zaune kusa da ni suke tunani ba, don ban tambayi ko ɗaya ba.

Azumin nan ya yi mini rana. Kowa na layin abinci, ni hannuna sake, sai na bi teburi-teburi da takarda da biro. Na fara da ɗan ƙauyen. Wannan karon ban kawo hujja ba, tambaya na yi: me zai sa ka yarda? Ya ajiye cokali ya ce a cire makarantun karkara. Da wuya na haɗiye wannan, don gani nake an rage wa ƙudirin ƙarfi, kuma har yau ina ganin yaran karkara ma suna buƙatar barcin. Amma rabin abin da nake nema ya fi mini tashi hannu rabbana. Muka rubuta gyaran tare a bayan takardar jadawali, shi da kansa ya gabatar da shi.

Ƙudirin ya fita daga kwamiti, ya wuce zauren wakilai da ƙaramin rinjaye, jawabin da na haddace ko rabinsa ban yi ba kakaki ya buga guduma. A majalisar dattawa lokaci ya ƙure kafin a zo kansa.

Bayan shekara uku, a 2019, jihar Kalifoniya ta kafa dokar ƙarfe 8:30 ta gaske, ta fara aiki a 2022. Na nemo ta na karanta a waya. An keɓe makarantun yankunan karkara a cikinta. Na ɗauki hoton wannan sakin layin na tura wa ɗan ƙauyen nan, ya amso mini da hoton shanunsa.