Asabar: Ni da Kawu da Karnukansa a Hanyar Vom

Sanyin Jos yau sai wanda ya gani. Da hantsi Kawu ya aiko kirana, wai in kai shi Vom a yi wa karnukan farautarsa allurar rigakafin ciwon haukan kare. Ba a ce wa Kawu a'a, don haka muka shimfiɗa buhu a bayan mota, Dogo da Baƙi suka haye.

Tun daga Bukuru yake ba ni labarin daji. Ya ce Dogo kan bi sawun zomo tun kafin shi ya ga ko alamar ƙafa. Na ɗauka kurin mafarauta ne, sai likitan dabbobin da ya karɓe mu ya gaskata shi. Ya ce ƙwayoyin shinshina a hancin kare sukan kai miliyan 300, na ɗan Adam kuwa wajen miliyan 6 ne kacal. Kawu ya harare ni, ya ce, "Ka ji ko, ɗan boko?"

Na tsaya na kalli aikin da kyau. Likitan ya ɗaga leɓen Baƙi, ya nuna min haƙora, ya ce babban kare 42 gare shi. Baƙi na ta haki, harshe a waje. Ashe da hakin nan suke rage zafin jiki, gumin kare kaɗan ne, ta tafin ƙafa yake fita. Da allura ta shiga, bai yi ko gurnani ba, sai ya cusa kai a cinyar Kawu, shi kuma yana sosa masa kunne yana cewa, "Yi haƙuri, an gama." Mutumin da ban taɓa jin ya lallashi jikokinsa ba!

Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana nan tun 1924, kuma tana cikin masu haɗa wannan allura. Abin takaici, da yawa sai kare ya ciji yaro ake tunawa da ita, alhali cutar in ta bayyana a jikin mutum da wuya ƙwarai a tsira.

Mu dai mun iya ƙyamar kare, muna kuma barci da daddare saboda haushinsa. Ga karen Ashabul Kahfi a Alƙur'ani, ya miƙe ƙafafu a bakin kogo. Ga hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ban ce a kai shi ɗaki ba, amma jifan da yaran unguwarmu ke yi wa duk karen da ya gifta ba shi da tushe.

Da yamma na ba yara labarin Hachiko, wani kare na ƙasar Japan, wanda ya yi ta zuwa tashar jirgin ƙasa ta Shibuya jiran ubangidansa da ya mutu a 1925, har shi ma ya mutu a 1935. Autarmu ta ce a samo mata kwikwiyo. Mamarsu ta ce ba a gidanta ba.