Laraba, aikin firizar Hajiya

Tun asuba wuta ke rawa, a kawo a ɗauke. Wajen ƙarfe tara Hajiya mai zoɓo ta aiko ɗanta shago: "Malam, Umma ta ce firizarta na gurnani duk sanda aka dawo da wuta, ka taimaka kafin kwamfaresa ta ƙone." Da gaskiyarta. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, gas ɗin ciki bai lafa ba tukuna, injin zai yi ta yunƙurin tashi ya kasa, ya ja wuta da yawa, ya ɗau zafi. Maganinsa na'urar jinkiri, wadda za ta riƙe firiza minti uku zuwa biyar kafin ta sakar mata wuta.

Yaron shagona bai jira ba, ya zaro NE555 daga gwangwani, wata ai-si, wato ɗan guntun lantarki mai ƙafafu, da ake auna lokaci da ita. Ban ga laifinsa ba. Hans Camenzind ne ya tsara wa kamfanin Signetics wannan ai-si, ta shiga kasuwa a 1972, kuma har gobe ita ce farkon abin da ake koya wa mai koyon sana'a. In ka haɗa ta a tsarin bugu ɗaya, da zarar ƙafa ta 2 ta sauka ƙasa da sulusin wutar da ke ciyar da ita, sai ƙafa ta 3 ta tashi, kondensa mai tara wuta ta fara cika ta cikin rezista mai rage gudun wutar. Idan ta kai kashi biyu cikin uku, ƙafa ta 6 ta ji, komai ya koma yadda yake. Tsawon lokacin shi ne 1.1 sau rezista sau kondensa. Ya lissafa a bayan kwali: megaom 1 da maikurofarad 220, daƙiƙa 242. Minti huɗu ke nan.

Na ce haɗa mu gani. Muka zuba wa agogon waya ido, minti biyar ya wuce, ƙafa ta 3 tana nan a sama.

"Oga, ko ai-sin jabu ce?"

Lafiyarta lau. Da bolt 12, lokacin da kondensa ke kusantar bolt 8, abin da ke ratsa rezistar bai wuce maikuro'am 4 ba. Babbar kondensa irin wannan kuwa tana yoyo, zafin Kano na ƙara mata, har yoyon ya kusa cinye abin da ke shiga. Kamar cika randa mai tsaga ne da cokali. Ga shi ƙimar da aka rubuta a jikinta ma kan kauce da kashi 20 cikin ɗari. A ganina 555 ta 'yan daƙiƙu ce. Aikin mintuna na ƙidaya ne.

Bayan azahar na ɗauko CD4060, ai-si mai ƙidaya. Tana kaɗa kanta, tana kuma raba bugun gida biyu har hawa 14. Da kilo'om 120 da ƙaramar kondensa mai nanofarad 100 tana bugawa kusan sau 36 a daƙiƙa, ƙafa ta 3 kuma ba ta tashi sai bayan bugu 8192, wato minti huɗu saura kaɗan. Na ja dayod daga nan zuwa ƙafa ta 11 don ta tsayar da kaɗawar, in ba haka ba firiza za ta riƙa mutuwa tana tashi. Ƙafa ta 12 na sa mata 'yar kondensa da rezista, ko ƙiftawa wuta ta yi ƙidaya ta koma sifili. Wannan ne ma ainihin abin da Hajiya ke buƙata.

Yaron ya so mu sa Arduino, ɗan bodin nan mai ƙaramar kwamfuta. Na tambaye shi kuɗinta nawa, kuɗin CD4060 nawa, ya yi shiru ya ci gaba da dalma.

Bodi ya kammala kafin magariba, sai dai rile ɗin da ke hannuna, wato makunnin da zai sakar wa firizar wuta, mai am 10 ne, ban amince masa da fizgar kwamfaresa ba. Gobe da safe zan leƙa kasuwar Sabon Gari in nemo mai am 30.