Kowane jifa da ya kuskure sai an nemo masa mai shi

A wasan ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka, teburin da ke gefen fili yana ɗauke da ayyuka biyu da mutane kan ɗauka abu guda ne. Akwai mai riƙe da littafin hukuma, wanda alƙalan wasa ke dogaro da shi wajen maki da laifuka. Akwai kuma masu tattara alƙaluman 'yan wasa, inda nake zama. Mu biyu ne aƙalla: ɗaya idonsa a fili yana faɗa, ɗaya yatsunsa a kwamfuta yana shigarwa cikin manhajar LiveStats ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka. Mai shigarwa ba ya ɗaga kai ya kalli wasa, mai faɗa kuma ba ya leƙa allon kwamfuta. Duk ranar da ɗaya ya shiga aikin ɗaya, a ranar ake rasa ƙwallo.

Kafin a fara nakan bi lambobin riguna ɗaya bayan ɗaya, in gwada takardar da koci ya bayar da abin da ke jikin yaran lokacin da suke motsa jiki. A da dokar NCAA ba ta yarda lamba ta ƙunshi 6, 7, 8 ko 9 ba, saboda alƙali da yatsun hannu yake nuna lambar mai laifi. Daga kakar 2023 aka buɗe daga 0 zuwa 99, don haka yanzu sai an ƙara kasa kunne. Sannan ina tabbatar da tsarin da aka saita: maza rabi biyu ne na minti 20, mata kuwa zango huɗu na minti 10 tun 2015. Agogon jifa, wato wa'adin da ƙungiya ke da shi na yin jifa, daƙiƙa 30 ne, laifi biyar ke fitar da ɗan wasa.

Faɗar tana da tsari: ƙungiya, lamba, abin da ya faru, sannan sakamako. “Fari 23, jifan maki uku, ya kuskure. Shuɗi 11 ya cafke.” Ba sunaye, ba sharhi.

Inda aikin ya fi cin rai shi ne cafkar ƙwallon da ya dawo daga kwando. Ƙa'idar ita ce duk jifan da bai shiga ba, na fili ne ko na kyauta da ake bayarwa bayan laifi, dole a rubuta wa wani cafka. Idan ɗan wasa ya mallaki ƙwallon, tasa ce. Idan ƙwallon ya daki ƙarfe ya fita waje ba wanda ya riƙe shi, cafkar ta ƙungiyar da aka ba jefowa ce, ba ta mutum ba. Akwai ta uku da sababbin hannu ke mantawa: an ba mutum jifan kyauta biyu, na farko ya kuskure, alƙali ya ɗauki ƙwallo ya sake miƙa masa. Ba wanda ya yi tsalle, amma jifa ya kuskure, saboda haka ana rubuta cafkar mataccen ƙwallo. A wasan maza sai a lura da laifi na bakwai zuwa na tara na ƙungiya a cikin rabi ɗaya, inda sai jifan farko ya shiga ake ba da na biyu. A nan idan na farkon ya kuskure ƙwallo a raye yake, kowa na iya cafkewa. Daga laifi na goma ne ake koma wa jifa biyu kai tsaye.

Wasu ƙa'idojin gajeru ne. Wanda aka yi wa ƙeta yana cikin jifa kuma ƙwallo bai shiga ba, ba a lissafa masa yunƙuri. Jifan da aka toshe kuwa yunƙuri ne da ya kuskure, kuma yana buƙatar cafka. Ba a rubuta wa wani ƙwace sai an rubuta wa abokin hamayyarsa asarar ƙwallo. Mai kai hari da ya bangaje mai tsaro yana ɗaukar biyu, laifi da asara. Idan agogon jifa ya ƙare, asarar ta ƙungiya ce.

Fasin da ya haifar da maki shi ne wurin da son rai ke shiga. Ɗaya kawai ake bayarwa a kowane ci, kuma sai fas ɗin ne ya kai mutum ga kwando. Idan wanda aka miƙa wa ya tsaya, ya buga ƙwallo a ƙasa sau huɗu, ya yanke mai tsaro sannan ya jefa, ai shi ya nema wa kansa. Na ga takardun da 'yan gida ke da irin wannan fas a kusan kowane ci, baƙi kuma ƙalilan. Ni ma'auni ɗaya nake yi wa kowa, ko da kocin gida zai ɓata fuska.

Gyara ana yin sa ne a hutun talabijin, wanda a wasan maza ke zuwa idan agogo ya sauka ƙasa da minti 16, 12, 8 da 4. A nan nake tambayar mai littafin hukuma laifukan kowa. Idan abu ya wuce ni a tsakiyar wasa, ba na tsayawa ƙoƙarin tunowa. Ina rubuta lokacin agogo a takarda in ci gaba, a duba bidiyo daga baya. Tsayawar daƙiƙa biyar kan jawo a rasa abu uku.

Da an tashi, kafin a buga takarda a raba wa 'yan jarida, lissafi uku nake yi. A ce ƙungiya ta ci 26 cikin jifa 58, takwas daga ciki na maki uku, da jifan kyauta 14 cikin 19. Sai in ninka 26 sau biyu, 52, in ƙara 8, in ƙara 14, ya ba da 74, kuma dole ya yi daidai da allo. Na biyu mintuna: jimillar mintunan 'yan wasan kowace ƙungiya 200 ce, ko 225 idan an yi ƙarin lokaci sau ɗaya. Idan ta nuna 197, an canza ɗan wasa ban gani ba, galibi a dawowa daga hutun rabin lokaci, lokacin da koci kan sauya mutum ba tare da ya zo teburi an lura ba. Na uku, wannan ƙungiya ta kuskure 32 da 5, wato 37. Idan ɗayar ta kuskure 43, cafkar wasan gaba ɗaya, har da ta ƙungiya da ta mataccen ƙwallo, dole ta zama 80. In ta tsaya a 79, jifan kyauta na farko nake fara bi, don a can ta saba ɓuya.