Tarar Meta da rijiyar unguwarmu

Jiya a majalisarmu aka tayar da zancen tarar dala miliyan 220 da hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta Najeriya, FCCPC, ta ci Meta, kamfanin Amurka mai WhatsApp da Facebook, a 2024, kan yadda WhatsApp da Facebook ke juya bayanan 'yan Najeriya. Da aka tabbatar da hukuncin a 2025, har barazanar ficewa kamfanin ya yi. To ga mu nan dai, muna ta latse-latse.

Sai wani dattijo ya ce min, "Malam, an taka wa na Amurka burki, ɗan majalisar da ke wakiltarmu fa?" Gaskiyarsa. Rijiyar burtsatsen da aka yi mana alkawari, allo kawai aka kafa, har ya yi tsatsa. Yau na ɗauki hotonsa na tura wa Tracka, masu bibiyar ayyukan mazaɓu.